Motar Kawu da Ta Ƙi Riƙe Tayimin

Shekarun baya, lokacin ban fi shekara biyu da buɗe ɗan garejina a bakin titin garinmu ba, tsakanin Bici da Ɗambatta, kawuna ya sa aka jawo mini tsohuwar akori-kurarsa da igiya. Yayan mahaifiyata ne, kuma da motar yake kai amfanin gona kasuwa. Injin ne ya buga. Ya jefa mini mukulli ya ce, "Ga ta nan. Mu ga abin da ka koyo a Kano."

Na sauke injin na wargaza shi kaf. Fistin, ringi, gasket, duk sabbi na saka. Sati biyu ina kansa. Da na ɗaure, na saita tayimin, wato daidai lokacin da wuta za ta kama mai a cikin inji, na murza mukulli. Wallahi ko kofin shayi ka ɗora a kan bonet ba zai zube ba. Ranar sai da kaina ya kumbura, ina taku kamar ni na ƙera motar.

Bayan kwana uku na jiyo ta tun daga nesa, tas! tas! kamar maharba sun shigo gari. Tana harbi ta kafireto, inda mai ke haɗuwa da iska kafin ya shiga inji, in an taka totur sai ta shaƙe. Na duba, tayimin ya goce. Noti ɗaya ne ke riƙe distiributa, kan nan da ke raba wa filogi wuta, sai na ɗauka ni ne ban ɗaure shi da kyau ba. Na durƙusa na ce, "Laifina ne, Kawu, a yi haƙuri." Har yau idan na tuna wannan haƙurin da na bayar, sai abinci ya fita kaina.

Na gyara, ta tafi lafiya lau, bayan kwana huɗu ta dawo da haukarta. Na canza kwantak ɗin cikin distiributa, na canza filogi da wayoyinsu. Kafireto kuwa sau uku ina wanke shi. Na je Kano wajen ubangidana da ya koya mini aiki, shi ma ya riƙe haɓa ya ce bai taɓa ganin tayimin mai yawo haka ba. Na dawo na sake buɗe gaban injin da na rufe da hannuna, ban ga komai ba.

Sai ranar kasuwar Ɗambatta. Kawu ya yi lodin harawa har sama, ni kuma na shiga sayen kayan aiki. A bakin kara, inda ake cinikin dabbobi, motar ta yi wani irin harbi, wuta ta kama kafireto. Raguna suka tsinke igiya, mutane suka yi ta kwasar ƙasa suna watsawa a cikin injin da na goge da tsumma mai tsabta. Allah ya kiyaye wutar ba ta kai ga harawar ba. Na kutsa cikin taron da gudu, Kawu yana ganina ya nuna ni da yatsa.

"Jama'a, ga wanda ya cuce ni nan! Ɗan ƙanwata ne, na ba shi don zumunci. Ashe wasa da ƙarfe ya je ya koyo!"

Aka yi ta dariya. Wani ya ce, "Bakanike ne ko maƙerin bindiga?" Kafin sati ya zagayo, direbobin bas da ke kawo mini aiki sun ɗauke ƙafa. Wani har ya zo ya janye motarsa ina tsakiyar gyara. In na wuce majalisa sai in ji an ce, "Tas! tas!" ƙasa-ƙasa.

Matata ce ta ga na rame. Da na ba ta labari ta ce, "Ni dai in na ga sukari yana raguwa ban san dalili ba, alama nake yi wa gwangwanin." Ta miƙo mini kwalbar jan farcenta. Haka na fita, ƙato da ni, bakanike guda, da jan farce a aljihu. Na wanke injin daga ƙasar kasuwa, na saita tayimin, na ja layi ja daga jikin distiributa zuwa jikin inji, ban gaya wa kowa ba.

Kwana biyu motar ta dawo tana harbi. Layin ya rabu, faɗin yatsa guda. Na sa sifana a notin, na ji shi tamau, ya ma fi yadda na ɗaure shi, kuma an cinye masa gefe da sifanar da ba tasa ba. Noti ba ya kwance kansa ya sake ɗaure kansa. Hannun mutum ne.

Na sake saita ta, Kawu ya tafi da ita. Washegari da hantsi na je gidansa kamar mai zuwa gaisuwa. Na same shi a bayan gida ƙarƙashin darbejiya, bonet a buɗe, inji yana aiki, shi kuma ya karkata kunne yana murza distiributa da hannu, sifana a hammata.

"Kawu, ina kwana. Me ake gyarawa?"

Ko gezau bai yi ba. "Ɗan taɓawa nake. Wani tsohon direba a tasha ya ce in aka murza nan kaɗan, ba ta shan mai. Ku yaran yanzu sai ku saita mota ta riƙa zuƙar fetur kamar raƙumi."

"Tun yaushe ake taɓawar?"

"Tun ranar da na karɓo ta."

Na ce, "To Kawu, abin da aka faɗa a kasuwa fa?"

Ya ɗago ya kalle ni sama da ƙasa. "Kai, ni za ka titsiye? Motarka ce? Ina tuƙi tun uwarka ba ta yi aure ba. Da ka ɗaure injin da kyau, 'yar wannan murzawar ba za ta dame shi ba."

Daga nan na wuce kai tsaye wajen mahaifiyata, na kwashe komai na gaya mata. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Shi ya riƙe ni da babanmu ya rasu. Kada in ji wannan magana a bakin kowa. Ka ji ko?"

"Inna, sunana fa ya ɓaci."

"Na ce ka ji ko?"

Na ce na ji. Na karɓo motar, na saita ta, na ɗiga wa notin walda yadda ba sifanar da za ta kama shi. Shekara da shekaru motar nan tana aiki, ko tari ba ta sake yi ba. Kun san abin da Kawu ya riƙa gaya wa mutane? "Ai sai da na zaunar da shi na nuna masa da kaina."

Aiki ya dawo a hankali, yau garejina ba ya rabo da motoci. Tun daga nan, duk motar da ta dawo da ciwon da na riga na warkar, kafin in zargi hannuna sai na tambayi mai ita wa ya taɓa ta.

Kawu ya tsufa yanzu, ni nake kai shi asibiti, ina durƙusa masa kamar kullum. Inna ta ce in yafe, na kuma ce na yafe. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, zuciyata ba ta gama hucewa ba. A tsakiyar kasuwa aka ci mutuncina, gaban ɗaruruwan mutane. Gaskiyar kuma a bayan gida ta fito, ba mai shaida sai ni da kaji.