Motar da ta Kai Jariranmu Gida: Ta'aziyyar Injiniya Sunusi Maikano

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, 14 ga watan Oktoba, 2025, Allah Ya karɓi ran aminina kuma abokin wasana, Injiniya Sunusi Maikano, a gidansa da ke unguwar Gorton a birnin Manchester, bayan ciwon zuciya da ya yi fama da shi na 'yan watanni. Ya bar matarsa Hajiya Rabi'a, da 'yarsa tilo Rumaisa, da jika guda ɗaya.

Sunusi, na san wasu za su yi rubutu a kan aikinka na injiniyan ruwa, wasu kuma a kan hidimar da ka yi wa masallaci. Sun fi ni sanin wannan. Ni Bara'u, Bazazzagin da ka yi shekaru kana tsokana a matsayinka na Bakano, zan yi maganar motarka ne, domin a kanta muka fi yin musu, kuma a cikinta na fi sanin ko kai wane ne.

Chrysler 300C ce, baƙa wuluk, motar Amurkawa, amma an yi mata sitiyari a dama saboda hanyoyin ƙasar nan. Ka saye ta a shekarar 2013. Tsawonta ya haura mita biyar, gabanta faffaɗa ne da ragar ƙarfe mai walƙiya, jikinta da kauri, tagoginta ƙanana. Injin dizal gare ta mai silinda shida, kuma da kanta take canza giya. Kujerun na fata ne, suna ɗumama mutum idan sanyi ya shigo, ga ɗan agogo mai hannu a gaban direba wanda kake gogewa da bakin hannun rigarka. But ɗinta kuwa yana haɗiye buhun shinkafa da keken jariri da akwatuna, har ya bar wuri. Ka sha yi mana bayani, ko mun tambaya ko ba mu tambaya ba, cewa Amurkawa suna da wani rukunin motoci na tsakiya: ba su kai manyan motocin alfarma tsada ba, amma kusan duk jin daɗin da ke cikin waɗancan za ka same shi a nan. Ka ce an yi ta ne don magidancin da ya sha aiki, yana son ya zauna ya miƙe ƙafa a doguwar hanya.

Ni kuma na ce maka Gorton ba doguwar hanya ba ce. Gidajen layinku a manne suke da juna, kuma motar ta fi faɗin gaban gidanka, sai ta ci rabin na maƙwabci. Na raɗa mata suna jirgin ruwa. Na ce wannan son girma ne irin na Kanawa, mutum ya zo ƙasar da ake tattalin wuri ya sayo abin da ba ya shiga lungu. Kai kuma kana kiran ƙaramar motata gwangwanin madara. Da kamfanin ya daina sayar da irinta a ƙasar nan na zo har gida na yi maka jaje, ka ba ni shayi ka ce ai yanzu ma ta ƙara daraja.

Amma duk wanda ya daɗe a cikinmu ya san ba don girma ka saye ta ba. Lokacin da aka haifi Rumaisa kuna sababbin zuwa, ba ku da mota, ba ku da kowa. A bas ka ɗauko su daga asibiti cikin ruwan sama, jaririyar tana cikin kwat ɗinka, Hajiya Rabi'a tana cije leɓe duk sanda bas ɗin ta yi tsalle. A gida, haihuwar fari ana mai da mace wajen iyayenta ta yi wankan gida, uwarta ta kula da ita har arba'in. Rabi'a ba ta da gidan da za ta koma. Kai ne ka riƙa dafa ruwan wanka a tukwane kana kaiwa banɗaki, kai ne ka buga wa mahaifiyarka waya a Kano ta koya maka dama kunun kanwa, kuma ita Hajiya har yau tana cewa da wannan kunun za a iya ɗaura bulo. Daga nan ka ɗauki alkawari biyu. Ba jaririn mutanenmu da zai sake komawa gida a bas muddin kana da mota, kuma ranar da Rumaisa ta haihu za ta sami gidan da za ta koma.

Na farkon ka fara cika shi tun kana da ƙananan motoci, amma ba su gamsar da kai ba, musamman idan mai jegon tiyata aka yi mata. Ranar da ka je gwada wannan motar, Hajiya ka sa a kujerar baya, ka nufi layin da ya fi kowane yawan tudun rage gudu, kana tambayarta ko ta ji jijjiga. Da ta ce ba ta ji ba, ciniki ya faɗa.

Tun daga lokacin, da an ce wance ta sauka, sai ka wanke mota, ka ɗaura kujerar jarirai da kake ajiyewa a but, ka sa kaftani da hula ka je ka tsaya a ƙofar asibiti. Kana tuƙi a hankali har na baya su gaji su wuce. Ba ka taɓa tambayar addinin kowa ba. Maƙwabciyarku Nanret, unguwarzoma 'yar Filato, a motar nan ta kawo 'yarta Shalom gida, kuma har gobe tana ba da labarin yadda ka riƙe mata lema kai kana jiƙewa. Autata Aliya ma motar ce ta kawo ta gida, duk da baƙar maganar da na sha faɗa wa motar. Abu ɗaya ne ba ka yarda da shi ba, wato wani ya taɓa sitiyarin. Ko a gareji sai ka shigar da ita da kanka.

Alkawari na biyu shi ne ya so ya gagara. Rumaisa ta auri Zayd, yaron kirki haifaffen Birmingham, suka zauna can a unguwar Erdington. Da ciki ya tsufa ka sanar cewa bayan suna za ka je da kanka ka ɗauko ta wankan gida. Zayd bai yi na'am ba, kuma gaskiya yana da hujja. Ya ɗauki hutu a wurin aiki don ya kula da matarsa, yana son ya koyi wanka da goyon ɗansa da hannunsa, ga unguwarzoma da za ta riƙa zuwa dubiya a adireshinsu na can. Rumaisa ta rasa inda za ta sa kanta tsakanin miji da uba. Ana cikin haka ka yanke jiki ka faɗi a ofis, likita ya gano ciwon zuciya, ya hana ka tuƙi. Na zo duba ka na same ka zaune a bakin taga kana kallon motar. Na tsokane ka, ba ka rama ba. Ranar na tsorata ƙwarai, domin ban taɓa ganin ka bar Bazazzagi ya ci bulus ba.

Nanret ce ta fara sauƙaƙa lamarin, ta nuna yadda za a mai da dubiyar mai jego zuwa Manchester. Sauran kuma kai ka yi shi, ta hanyar da ba mu zata ba. A al'adarmu suruki ba ya zama ya roƙi mijin 'yarsa, aike ake yi. Kai ka ajiye kunyar nan gefe, ka kira Zayd a waya ina zaune.

"Zayd, ba umarni nake ba ka ba, iyalinka ne. Roƙo nake. Ka ara mini su na ɗan lokaci. Kuma ga spare room nan a sama, ka biyo su ka zauna, ba wanda zai ce maka komai."

Na ce maka idan dattawan Kano suka ji miji ya bi matarsa wankan gida, sai sun cire maka Maikano daga sunanka. Ka ce su zo su cire. Zayd ya ce zai yi tunani. Allah Ya sauki Rumaisa lafiya, aka sami mace, aka sa mata Inaya, kuma washegarin suna shi da kansa ya kira ya ce a zo.

Saura direba. Ka aika aka kira ni, ka daɗe kana juya makulli a hannu kafin ka miƙo.

"Bara'u, ka iya tuƙa mota kuwa, ko gwangwanin nan kaɗai ka iya turawa? Ka bi slow lane, layin masu tafiya a hankali, kuma kada ka taɓa mini agogo."

Haka muka kama babbar hanyar Birmingham, kana gefena kana taka birkin da babu shi. A nan ne na gane abin da ka yi shekaru kana faɗa. Motar ba ta da hayaniya, tana da nauyi a kan kwalta, manyan motocin kaya suna wucewa ba ta ko girgiza. Ban faɗa maka ba, amma ka gani a fuskata, ka yi ta murmushi har muka shiga Erdington.

A dawowa Zayd ya zauna a gaba, kai ka shiga baya, kujerar Inaya a tsakiya, Rumaisa a ɗaya gefen. Ka shafa fatar kujerar, ka miƙe ƙafa, ka ce ashe haka bayan yake, domin ba ka taɓa zama a nan ana tafiya ba. Jaririyar ta kama ɗan yatsanka, kai kuma ka ƙi zarewa. Daga nan ba ka sake gyara mini tuƙi ba. Da muka iso layinku muka tarar maƙwabta sun tare maka wuri da kwandunan shara, suna tsaye a ƙofofinsu. Ka ƙi yarda kowa ya ɗauki kujerar jaririyar, kai ka shiga da ita gida a hankali, kana hutawa a hanya.

Makonnin da suka biyo baya ban taɓa ganin ka cikin farin ciki irinsu ba. Gidan ya cika da ƙamshin kunun kanwa da gasasshen nama da yaji. An samo busasshen ganyen darbejiya a wani kanti a unguwar Sparkbrook ta Birmingham, Hajiya tana yi wa 'yarta abin da ita ba ta samu an yi mata ba. Zayd yana sama yana aiki a kwamfuta, yana saukowa ya karɓi goyo. Kai kuma kana falo kana satar kunun mai jego, kana cewa likita bai hana wannan ba.

A ranar Talatar nan, Rumaisa ce ta kawo maka kofin kunun, ka ce mata ƙirjinka ya yi nauyi. Ta kira motar asibiti, ta tallafi kanka, ta riƙa laƙƙana maka kalmar shahada kana maimaitawa. Kafin su iso ka cika. Da tana Erdington, a waya za ta ji. Ta faɗa mini wannan da bakinta a wurin zaman makoki, tana kuka amma tana godiya ga Allah. Ni ma na yi kuka, kuma ina kewarka fiye da yadda zan iya rubutawa.

Da arba'in ɗin haihuwar ta matso, nauyin mai da Rumaisa ɗakinta ya faɗo kaina, tunda Hajiya tana takaba kuma makullin motar yana hannuna. Abin ya dame ni, domin idan suka tafi za ta saura ita kaɗai a gidan. Amma alkawari ka yi cewa aro ne, ni kuwa ba zan bari a ce ka saɓa ba. Na kira Zayd gefe na ce ya faɗi ranar da yake son a kai masa iyalinsa. Ya sunkuyar da kai, ya amsa da Hausarsa mai haɗe da Turanci.

"Kawu, ba yanzu ba. Let them stay. Su zauna da Mama har ta fita takaba, ni zan riƙa zuwa duk weekend. Baba ya roƙe ni arba'in, sauran ni na ba shi."

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa Sunusi, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Yadda ya sauƙaƙa wa mata masu rauni da jariransu hanyar gida, Ka sauƙaƙa masa tasa hanyar zuwa Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Rabi'a, da Rumaisa, da Zayd, da 'yan uwansa na Kano, da dukkan jama'armu na Manchester da Birmingham, Musulmi da Kirista. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya raya Inaya cikin albarka, Ya saka wa Zayd da alheri. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani a hannun waɗanda muke ƙauna. Amin.

Bara'u, Manchester.