Auta, Na Hau Sama Na Nemo Na Farkon

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, matarka ta kira ni daga asibiti ta ce ka cika. Na Allah ne mu, kuma wurinSa muka nufa. Sai dai ni ne babba, Auta, ban taɓa kawowa a raina ni zan tsaya a kan kabarinka ba.

Shagon buga allunan talla da nake taƙama da shi, da hannuna na kafa shi, ba wanda ya ɗora ni. Amma injin yankan sitika da ke ciyar da gidajenmu biyu, kai ka riƙe masa rai. Da kamfanin da ya ƙera shi ya daina yi masa manhaja, kowa ya ce in sayar wa 'yan gwangwan. Kai ka nemo wata ta kyauta, wadda masu ita suka bar rubutunta a buɗe, kowa ya sauko da shi ya harhaɗa a kwamfutarsa. Duk sanda harhaɗawar ta tsaya, allo ya cika da jan rubutu, ni layin ƙarshe nake karantawa in hau faɗa. Sai ka gyara tabarau ka ce, "Yaya, na ƙasan nan 'yan rakiya ne. Hau sama ka nemo wanda ya fara rigimar."

In ce, "Ni za ka koya wa karatu?"

Ka ce, "Wane ni, ranka ya daɗe. Yatsa kawai za ka ja."

Haka ka yi wa mai hoto na kusa da mu, haka ka yi wa ɗaliban da ke turo maka hoton allonsu a waya. Ba ka taɓa ƙwace wa mutum kwamfuta ba. Kujera kake jawowa, ka zauna har ya gane da kansa.

Makon jiya kwamfutar shago ta sabunta kanta, injin ya yi shiru, ga aikin wata makaranta yana jira. Na sauko da rubutun, na sa a harhaɗa, jan nan ya zubo. Wallahi sai da na danna lambarka kafin na tuna. Sannan na ja sama, na yi ta ja, har na iske shi: wani ɗan fayil ne ba a girka a kwamfutar ba. Na girka, na sake. Ya tafi har ƙarshe, wuƙar injin ta motsa.

Na juya wajen kujerarka in ce, "Ka gani?" Tabarau ɗinka ne kawai a kan tebur.

Allah Ya jiƙanka, Auta, Ya yafe maka kurakuranka tun daga na farko, Ya haskaka makwancinka. Ina yi wa matarka da 'ya'yanka da Innarmu ta'aziyya, Allah Ya ba mu haƙuri. Injin yana aiki, yaranka ba za su rasa ba in ina numfashi.