Kuben da Ɗantala Bai Gama Ba

Duk mafarautan Gwangwan sun san wuƙar Sulle maƙeri. Da sifirin tsohuwar mota yake ƙera ta, ƙarfen ya zarce tun daga tsini har ƙarshen ƙota, don kada ta karye wa mutum a daji. Bayanta da kauri saboda sara, cikinta a tanƙware saboda fiɗa. Ƙotar kuwa ta icen ƙirya ce. Kawo masa wuƙar kanti mai naɗewa, ka ji yadda zai yi maka tsaki.

Amma Sulle ba ya miƙa wa kowa wuƙa tsirara. Sai ta bi ta hannun Ɗantala baduku, wanda rumfarsa ke jikin maƙerar. Ɗantala yakan jiƙa fata, ya ɗinke ta a jikin wuƙar, ta bushe a haka, har ko an kifa kuben ba ta zamewa. Tun suna samari suke aiki tare, kullum cikin musu. Wannan ya ce hayaƙi ya ishe shi, wancan ya ce warin jima ya hana shi numfashi.

Da idon Ɗantala ya mutu, 'yarsa Bahijja ta ɗauke shi zuwa gidanta a Ƙaraye. Wallahi Sulle ya ba ni tausayi. Na sha wucewa in ji yana zuba tsiya, in leƙa, in tarar shi kaɗai ne da rumfar da ba kowa. Ya daina karɓar aiki. Wai sauran dukawa kubensu kamar takalmin aro.

Bayan kaka ya ƙera wuƙa ɗaya, ya naɗe ta a tsumma, ya hau mota zuwa Ƙaraye. Ya tarar da Ɗantala zaune a zaure. Suka gaisa, Ɗantala ya karɓi wuƙar yana shafa ta da yatsa.

"Ka tsufa, Sulle. Bayan nan ya karkace."

"Makaho ne zai gaya mini karkata? Ɗinka mata kube kawai."

"Bar ta. Ka dawo Juma'a mai zuwa."

Da zai tafi, Bahijja ta biyo shi bakin ƙofa, ta rage murya.

"Baba Sulle, ka yi haƙuri. Hannunsa rawa yake yi, ko basilla ba ya iya riƙewa. Kayan aikin ma tuni muka bayar. So yake kawai ka dawo."

Sulle ya juya, ya leƙa zauren.

"Kai Ɗantala! Kada ka yi mini aikin gaggawa. In bai yi kyau ba, warware shi za ka yi ka sake."

Har yau duk Juma'a yana rufe maƙera ya tafi karɓar kuben.