Sannun Mai Gyaran Agogo

Har yau a tasha ana tsokanar mai gyaran agogo da ranar da jikarsa, wadda ba ta jin Hausa, ta bugo waya ta ce ta zo ta ɗaya a aji, aka fassara masa. An taɓa gaya masa sannu ita ce "sorry". Zai yi mata sannu da ƙoƙari, sai ya ce mata "sorry".

Ga shi can, tabarau a karan hanci, yana rubuta kalmomin Turanci a bayan kwalin batir. Biyar yake kamawa kullum, uku su tsere kafin azahar.

"Baba Sorry, yaya karatu?" in ji wani direba.

Bai ɗago ba. "Ku yi dariyarku. Shekararta tara, ban taɓa yi mata tatsuniya ba. In na ba ta haƙuri, ina kuskuren?"