Katakon Goge Buroshi

Ni ɗan Bawku ne da ba ya cin albasa. Duk wanda ya san garinmu ya san wannan abin dariya ne, don albasa ce ta gina rabin gidajen zangonmu, har da namu. An tsokane ni a kai tun ina ƙarami, ni kuwa ba haƙuri gare ni ba, na sha dambe saboda haka. Ba tsirfa ba ce. Da zarar warinta ya doki hancina sai ƙeyata ta jiƙe da gumi.

Babana fataucin albasa yake yi zuwa kudu. A farkon shekarun tamanin, ina ɗan shekara shida ko bakwai, ya ɗauke mu ni da mahaifiyata, wadda muke kira Mma, zai sauke mu a Salaga wajen danginta, shi ya wuce da kayansa. Muka hau wata tsohuwar lore mai bodin katako, fasinja zaune a kan buhunan albasa. A hawan dutsen nan na wajen Gambaga motar ta kasa, ta fara komawa da baya, birki ya ƙi. Na tuna kukan giyar motar da salatin mata. Sai na gan ni a ƙasa, baki cike da yashi, Mma ta jawo ni tsakanin gwiwoyinta ta lulluɓe mini kai da mayafinta.

Mayafin shara-shara ne, rana kuma tana tsaka. Ban ga fuskar kowa ba, amma na ga komai ya koma ruwan ɗorawa, da ratsin kore a gicciye. Daga hagu akwai wani ƙaton baƙi, ɗigon ja sun warwatsu ko'ina, a ƙarƙashin baƙin kuma akwai wani ɗan fari yana motsi. Babana farar riga ya sa ranar. Farin ya daɗe yana motsi, daga baya ya daina.

A can aka binne shi. Mu kuma muka ƙarasa Salaga, zuwan da aka yi da niyyar ziyara ya zama zama. Kawuna, yayan Mma, ya ba mu ɗaki, ita ta kafa teburin koko da ƙosai a ƙofar gida. Tun ranar da muka iso ta faɗa wa masu ta'aziyya cewa Allah ya taimaka, yaron barci yake, bai ga komai ba. Ina zaune a gefenta ta faɗa. Da mutane suka watse na ce, “Mma, ai na ga Baba yana motsi.” Ta ce, “Mafarki ka yi. Barci kake.” Na sake tayar da maganar bayan wasu watanni, ta kwaɗa mini mari, ita da ba ta taɓa dukana ba. Kawu ya ce yaron nan aljanu sun shafe shi a dajin can, aka kai ni wajen malam, na sha rubutu har cikina ya gaji.

Rashin uba ya yi mini ciwo, amma ba shi ya fi cina ba. Marayu da yawa ne a Salaga. Abin da ya ci ni shi ne mutum ɗaya tak a duniya ta san ko abin da ke kaina gaskiya ne, ita kuwa ta ce ƙarya ne. Har na fara zargin hankalina. In na tuna abu, ko da inda na ajiye takalmi ne, sai na tambayi wani ya tabbatar mini. Ina son Mma, ina kuma jin haushinta, kullum tare nake ɗauke da su biyun. In za ta soya albasa na tashi da gudu, sai ta bi ni da, “Iyayi! Ɗan mai albasa wai shi ne ba ya son albasa.”

Da na tasa, boko ta ƙi ni, faɗa ya yi mini yawa, sai Kawu ya yanke shawarar kai ni koyon sana'a Yendi. Cikin duk sana'o'in duniya, wajen mai fentin motoci ya kai ni. Yaron da jikinsa ke ɓari in ya ji lore ta canza giya, shi aka ajiye inda lore ke wuni. Har yau ban san ko mugunta ce ko magani yake nufi ba.

Maigidan nawa, Masta muke ce masa, Badagombe ne mai ƙaton ciki da Hausar zango. Shi ke rubuta kirari a goshin motoci, ya zana zaki ko mikiya a bayan bodi, ya yi wa masu aski da masu chop bar, wato gidan abinci, allon talla. Ni hannuna bai taɓa karɓar zanen dabba ba. Ya taɓa tsayawa a kan wani zaki da na yi, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Wannan akuya, mene ya same shi? Ya sha kanwa?” Daga nan aka bar ni da shafe da wankin kaya.

A bayan rumfar da muke aiki akwai wani falankin katako jingine da bango. Kowa a jikinsa yake goge buroshi kafin ya tsoma a kananzir, don kada kananzir ɗin ya yi saurin dagulewa. Wata rana da la'asar, bayan mun gama wata mota, na goge buroshin ruwan ɗorawa a kai, faɗi-faɗi. Na ɗauko na kore na ja shi a gicciye. Sai na tsaya. Gumin nan na albasa ya karyo mini, alhali ba albasa a wajen. Na so in gudu. A maimakon haka na miƙa hannu na ɗauko gwangwanin baƙi.

Daga ranar na zama mai kwashe ragowar fenti. In an tashi aiki sai in karkato gindin gwangwanaye in zauna gaban katakon. Ba na zana mota, ba na zana mutum, don ban ga mota ko mutum ba. Launi na gani, shi nake nema. Ruwan ɗorawar ya fi ba ni wahala, sai da na gane in tsinka shi da kananzir har hasken katako ya riƙa fitowa ta ciki. In bai yi ba in shafe in sake. Farin ne na daɗe ban iya sawa ba, ina zuwa wajen sai in ajiye buroshi. Ranar da na sa shi na yi amai a bayan rumfa, na wanke baki, na dawo na zauna ina kallonsa. A karo na farko abin yana gabana, ba a cikin kaina ba, kuma in na ga dama ina iya juya masa baya. Faɗa ya ragu. Na fara iya kwanciya ƙarƙashin lore in shafe mata ciki.

Masta ya kama ni wata rana. Ya ce, “Mene wannan kuma? Ba mutum, ba akuya, ba rubutu.” Na ce ban sani ba. Ya dubi katakon, ya dube ni, ya daka wa sauran yaran tsawa: “Kowa ya nemi wani wuri ya goge burosh. Wannan na shi ne.” Bai ƙara tambayata ba. Sai da na girma na ji cewa irin wannan fentin har suna gare shi, ana rataye shi a manyan ɗakuna.

Gab da wata babbar salla Mma ta aiko cewa saman teburin kokonta ya ruɓe, in na samu katako in taho da shi. Katako bai ƙare a Yendi ba, amma wannan na ɗauka. Na isa Salaga da hantsi, na kifa shi a kan ƙafafun teburin, fentin yana kallon ƙasa, na shiga neman ƙusa. Mma ba ta ɗora abinci a kan abin da ba ta wanke ciki da baya ba. Ina fitowa na tarar ta juya shi, soso a hannu, ruwa na ɗiga a ƙafarta.

Ta ajiye soson. Sannan ta ce, “Mayafina ne.”

Ta bi ratsin koren da yatsa, ta gangara ta gefen baƙin, ta tsaya a kan farin. Ta ce, “Nan yake.”

“Nan yake, Mma.”

“Ka gani ke nan.”

“Na gani.”

Ta zauna a kan turmi. Ta ce, “Shi ya ce in rufe maka ido. Ban iya ɗaga motar ba, ban iya ba shi ruwa ba. Abu ɗaya ya roƙe ni, kada yaron ya gani. Duk shekarun nan ina cewa ko ba komai wannan ɗayan na yi masa.” Ta share fuska da bayan hannu. “Ashe mayafin ba shi da kauri.”

Abin da na yi shekaru ina nema na samu a safiyar nan, na tabbata kaina lafiya yake. Amma ban yi murna ba, don na ga abin da na karɓe mata kafin in samu. Har ta rasu ban san ko ta yafe wa kanta ba, ni ma ban daina tambayar kaina ko gara da na bar katakon a Yendi ba. Ba a buga shi a teburin ba. Ta sa na kai mata shi ɗaki, ta jingine shi a bayan gado, fuskarsa na kallon bango.

Washegari ta ɗora mai a wuta za ta yi miyar salla, ina zaune a tsakar gida. Ta ɗauko albasa da wuƙa, sai ta dakata ta waiwayo. Ba tsokana a muryarta.

“Zan yanka albasa. Za ka fita, ko za ka zauna?”

Gumin ya riga ya fara jiƙa mini ƙeya. Na jawo kujera kusa da ita na zauna.