Ciyawar Raɓa

Ranar wata Talata ce cikin Agusta, shekarar da nake aji huɗu, na zagaya wajen turke da damin ciyawa a ka, na tarar da Akawal ya sunkuyar da kai, yawu na zuba daga bakinsa kamar igiya. Gumi ya jiƙe masa wuya alhali gari da sanyi, fatar kafaɗarsa tana rawa. Na miƙa masa harkiya, ya tauna, ta ƙi wucewa. Akawal dokin Babanmu ne, Baba kuma wanzami ne. Da dokin nan yake zaga ƙauyuka, yau suna gobe kaciya, zabira rataye a gefen sirdi. Tuwon gidanmu a kan ƙafafun nan huɗu yake tafe.

Ni ke kwashe kashinsa, ni ke dama masa dusa da kanwa, ni ke yanko ciyawa a fadama. Dokar Baba ɗaya ce: "Kada laujenka ya taɓa ciyawa sai rana ta shanye raɓa." To amma kafin raɓa ta bushe an buga ƙararrawar makaranta, ga bulalar makara, da yamma kuma ga langa a dandali. Sai na riƙa yankowa da sassafe ina ɓoyewa bayan rumbu. Kwana uku Akawal ya yi, aka ɗura masa jiƙo, aka turara masa hayaƙi, koren ruwa ya fito ta hancinsa, ya faɗi. Baba ya zagaya bayan rumbu, ya cusa hannu cikin damin, ya fito da tafinsa a jiƙe. Bai dake ni ba, da ma dukan ya yi. Cewa ya yi, "Wanda bai iya riƙe lauje ba, ina zai iya riƙe alƙalami?" Washegari na zama dokin, ina biye da shi a ƙasa da zabira a kafaɗa. Ƙanena Sani ya gaji littattafaina. Sunana Habu, amma har Baba ya koma ga Allah, Kashe-doki yake kirana.

Sanin nan yanzu likitan dabbobi ne, yana ƙaro karatu a Kuala Lumpur, shi ya ɗauko ni a yi mini aikin ido. Shekaranjiya muna shan shayi a shagon mamak, wato na Indiyawa Musulmi, da ke ƙasan gidansu a unguwar Taman Melati, sai ya ɗauko zancen wani ciwon dawaki da ake kira ciwon ciyawa. Na lissafa masa abin da na gani, tun daga yawun har koren ruwan. Ya ajiye cokali. "Yaya, ban isa in rantse shi ne ba, a ƙasashen sanyi aka fi saninsa. Amma har gobe masana bincike suke. Ana zargin wani dafi ne daga ƙwayoyin cuta yake kashe jijiyoyin hanji. Ban taɓa karanta inda aka tabbatar raɓa ce ba." Na ce to ya rubuta, in mun koma ya je kushewar Baba ya karanta masa, tunda shi aka bar wa alƙalamin.

Wato masu na'ura da tulin digiri suna iya cewa ba su sani ba, ba kunya, Baba kuwa jiƙaƙƙen tafi ya ishe shi hujja. Da safe daga hawa na goma sha biyu nakan hangi ma'aikata suna aske ciyawa da inji, jiƙe sharkaf, su tara ta a buhu ta ruɓe, ba dokin da ke jiranta. Ƙamshinta yana hawowa har taga, irin na fadamarmu sak. Makarantar na daɗe da haƙura da ita. So na yi Baba ya kira ni Habu, ko sau ɗaya.