Yadda Na Koya wa Ɗana Kurumta

Ni ba na iya jira. Tun ina yarinya haka nake, tuwo bai turara ba nake buɗe tukunya. To da ɗana na fari ya fara tambayar duk abin da idonsa ya faɗa a kai, ban tsaya sai wani ya zo ba, na ce ni zan koyar da shi a tsakar gida.

Ina da abin koyarwar. Ubana tafinta ne, aikin Nasara ya kai shi ƙasar bakin teku, can ya sa ni lakwal, makarantar Nasara, tare da wana. Na gama ta ƙanana, na shiga ta gaba, sai ya rasu aka maido ni Damagaram. A cikin Birni ban san wata mace da ta taɓa zama a ɗakin lakwal ba. Na auri baduku, mutum mai sanyi kamar ruwan randa. A shekarar da nake ba da labari an ɗebe shi aikin hanya na tilas, ya bar ni da uwarsa, wadda nake ce wa Iya, da yaron, da ƙanwarsa da ba ta daɗe da yaye ba.

Kullum yininmu iri ɗaya ne. In sojan bariki suka busa ƙahon safe, mun riga mun share gida. Sai ɓarar gyaɗa. Kowace tsaba ya jefa a ƙwarya sai ya ƙirga ta, zagayen farko da Hausa, na biyu da Faransanci. Ƙanwar kuwa aikinta cinye lissafin. In ya juya ya ga goma ta koma bakwai, sai ya duba bakinta ya gaya mini nawa suka tafi, ashe ragi ya koya ban sani ba. Da hantsi mu fito da guntayen jar fata da ubansu ya bari, in ɗauki wuƙarsa in yanka baƙaƙe, shi kuma ya jera su a kan tabarma, ya rufe ido ya gane su da yatsa. Muka shuka wake a fasasshen tulu, yana auna tsawonsa da kara. Inuwar katanga ma ba mu ƙyale ta ba, yana aje mata tsakuwa duk inda ta tsaya.

Bakinsa kuwa ba ya hutawa.

"Inna, wa ya ɗora dutsen can a kan ɗan'uwansa?"

"Allah."

"Me ya sa bai gangaro ba?"

"Ƙirga gyaɗarka."

"In rana ta faɗi, a kan wa take faɗawa?"

Wallahi yakan gajiyar da ni. Sau da yawa nakan ce masa ya yi mini shiru ko na ɗan lokaci ne.

Iya tana bakin ɗakinta tana kaɗi, tana kallonmu. "Ke dai ba ki da kunyar ɗan fari," in ji ta. "Mu ko ido ba ma haɗawa da su a gaban mutane. Ke kin zaunar da shi kamar ƙawarki."

"Iya, in na ji kunyarsa wa zai koya masa?"

"Koya masa me? Ɓarnar fatar ubansa? Maigida, taso ka rabu da wannan madan mai halin matan Nasara, zo wurin matarka ka sha fura." Haka take kiran jikan nata, shi kuma ya ce ya sake ta tun jiya don ba ta da haƙora. Wata rana ta tambaye ni, "Wai ya kuke ce wa malamin naku na lakwal?"

"Mushe."

"To ai kun faɗa da bakinku. Abin da ba a yanka ba, shi za a ɗura wa ɗan Musulmi?"

Na yi dariya, don ta fi ni gaskiya ta wani gefen. Ni karatun nake so masa, ba na so masa ɗakin. Na san bulalar da ake yi wa wanda Hausa ta suɓuce daga bakinsa, amma ba ita ce ta fi tsorata ni ba. Yaro mai kai ba a barinsa. In ya gama nan a tura shi yamma, daga can a mai da shi malamin biro, wato akawu, a garin da ba wanda ya san kakansa. Ni mace ce shi ya sa aka sake ni na dawo gida. Wana da muka shiga tare, har yau ba mu san ko yana raye ba.

Cikin bazara mai shela ya zagaya: kumandan, Nasaran da ke mulkin gari, yana son yara maza daga kowace unguwa, mushe zai zo ya zaɓa da kansa. Gari ya ruɗe. Masu dangi a ƙauye suka fara tura ƴaƴansu, an ce har a rumbu ake ɓoye wasu. Muna da mutane a Hamdara, amma mai unguwa ya san akwai namiji a gidanmu, mijina kuma yana hannunsu. In yaron ya ɓace, uban zai biya.

Iya ce ta kawo dabarar. Ta aje mazarinta ta ce, "Nasara ba ya ɗaukar kurma."

"Wane kurma? Duk unguwar nan wa bai san bakinsa ba?"

"Lokacin sanƙarau ne. Yara nawa ciwon ya kwantar suka tashi ba ji ba magana? Ki rufe shi a ɗaki. Sauran kuma aikinki ne, ba ke ce mai koyarwa ba?"

Haka aka yi. Muka kwantar da shi, muka rufa masa zane cikin wannan zafi, mata suna tsayawa daga zaure suna cewa ya mai jiki, ba mai son shigowa don tsoron ɗauka. Ni kuma na naɗe baƙaƙen fata na cusa su ƙarƙashin gado, na buɗe sabon karatu.

Na tsara shi yadda nake tsara komai, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Da farko ƙwarya nake saki a bayansa. Ya zabura. Mu sake. Sai taɓarya, sai tasa a kan dutse. Na koya masa ya zaɓi abu ɗaya a gabansa, ko tururuwa ce, ya kafa mata ido, ya bar ƙarar ta wuce ta kansa. A wurinsa wasa ne. In ya ci, sai ya yi tsalle ya ce, "Inna, ko ƙifta ido ban yi ba!" In ce, "Ga shi kuma ka yi magana, ka faɗi." Mu koma farko.

Sai kiran suna. Wannan Iya ce ta yi, don duk rashin kunyata ban taɓa kama sunansa ba. Takan kira shi yana tsakiyar wasa, ko yana gyangyaɗi. Bai daɗe ba ya iya.

Amma na zauna da mutanen nan, na san ba da ƙara suke kama yaro ba. Da taushi suke kamawa. Don haka darasi na ƙarshe ya zama na abinci. In na kwashe tuwo sai in tsaya bayansa in ce a hankali, "Zo ka ci." In ya juyo, babu tuwo sai an jima. Sai na zagayo gabansa na nuna baki da hannu, sannan ya taso. Ranar farko ya juyo, ya sake juyowa, ya yi kuka. Iya ta ce, "Haba yarinya, ya isa haka." Na ce bai isa ba. Na ce masa, "Ga babanka ya dawo, yana zaure." Ya ruga da gudu. Babu kowa a zauren. Da ya komo na ce, "Ka ga? Da yanzu sun tafi da kai." Daga wannan rana ban sake kama shi ba ko sau ɗaya.

Ranar zaɓe aka tara mu a ƙofar mai unguwa. Mushen baƙin mutum ne daga bakin teku, Hausarsa a karkace. Tare da shi akwai gardi, ɗan sandan kumandan mai jar hula da bulala. Kowane yaro sai a ce ya ɗora hannu ta saman kansa ya taɓa kunnen ɗaya gefen. Wanda hannunsa ya kai, ya isa lakwal. Da aka zo kan nawa, aka yi masa magana bai motsa ba. Gardin ya kama hannun ya lanƙwasa da kansa, ya kai har ya wuce.

"Kurma ne," in ji Iya. "Sanƙarau ya bar mana shi haka."

"Bana duk garin nan kurame ne, tsohuwa," in ji gardin. "Ko makaho ɗaya ba a samu ba?" Ya zagaya bayan yaron ya tsala bulala a ƙasa. Yaran da ke kusa suka watse. Nawa yana kallon wani ƙuda a kan gwiwar mai unguwa.

Mushen ya durƙusa a bayansa. Ya yi murya ƙasa-ƙasa ya ce, "An gama. Tafi wurin mamanka." Yaron bai ɗaga ko yatsa ba. Mutumin ya miƙe, ya zagayo ya dube shi, ya ce da Faransanci, shi kaɗai da kansa, kaico, idon masu kai gare shi. Na ji sarai, na tsaya da fuska kamar ta tunkiya. Aka ture mu gefe. A hanya Iya tana ta hamdala.

Na ɗauka an gama ke nan. Ba a gama ba. Matar gardin nan rijiya ɗaya muke jan ruwa. Muka kuma ji labarin wani gida a Zango da aka gano dabararsu, aka zane uban, aka jefa shi kaso, yaron kuma aka tafi da shi duk da haka. Katangarmu gajera ce, ana jin tarin maƙwabci. Don haka na kafa doka: a waje kurma, a tsakar gida kurma, sai a cikin ɗaki in na ja ƙofa, nan zai iya raɗa.

Da farko in na ja ƙofar sai ya zazzage mini duk abin da ya tara tun safe, numfashi ma ba ya yi. Me ya sa jakin mai ruwa yake ɗingishi, wa ya mutu aka wuce da makara, ina ƙudan zuma suke kwana. Ina aikin gida, ina goyo, ina tunanin ubansu, nakan ce ya rage murya, nakan ce gobe. Damina ta shigo, tambayoyin suka ragu. Yaran unguwa suna bin sa suna "bebe, bebe", suna jifansa daga baya don su ga ko zai juyo. Ba ya juyowa. Ƙanwar ta koyi yi masa magana, ita ke cewa yana jin ƙishi, ita ke cewa ba ya son miyar. Iya takan leƙa fuskarsa ta ce, "Maigida, ko kallona ba ka yi? Wata ka samu a waje?" Da yana danne dariya har kumatunsa su kumbura. Daga baya babu abin dannewa.

Bayan girbi aka ɗauke mushen zuwa wani gari, gardin ma aka sauya shi. Mai unguwa da kansa ya ce wa Iya ba za a sake neman yara ba sai an kwana biyu. Na ja yaron ɗaki, na ce, "An gama. Yi magana." Ya kafa wa bango ido. Na ce, "Da gaske nake, ba gwaji ba ne." Ai haka nake faɗa a gwajin ma. Na fito da baƙaƙen fata, gara ta ci rabinsu, na jera sauran na ce ya karanta. Ya gyara waɗanda na juya, ya jera su daidai, bai ce komai ba. Haƙurina ya ƙare. Na girgiza shi, na yi masa tsawa har maƙwabta suka leƙo. Duk ƙarar da na yi, ita na koya masa ya bari ta wuce.

Iya ta ce iska ce ta samu gida a buɗe ta shiga. Ta karɓo rubutu, ya sha. Ta yi hayaƙi, ya shaƙa. Uban ya dawo a rame, ya zauna da shi a rumfar dukanci, ya ce hannunsa yana da kyau a ɗinki, a bar shi, yaro ne, zai sake. Mijina komai a wurinsa zai sake. Masu cewa da na bari an tafi da shi, su fara gaya mini inda wana yake tukuna. Yaron yana nan, ina ganinsa safe da yamma, abin da na nema ke nan kuma na samu. Yana jin komai, na sani, don in na ce wa ƙanwarsa ta kawo wuta nakan tarar ya riga ya kawo, muddin ba shi na ce wa ba.

Makon jiya da hantsi ya je ɗauko itace bayan ɗaki. Ina tankaɗe, sai na ga ya dawo ba itacen, yana jan ƙafa. Ya tsaya a gabana, zufa na zuba daga goshinsa, leɓensa na rawa. Ya ɗaga ƙafar ya nuna mini. Kunama ce, babba, wurin har ya fara tashi. Babban mutum ma in ta harbe shi ana jin sa daga ƙofar gari. Na jefar da rariyar na ce, "Yi kuka! Don Allah yi kuka, ba kowa!" Ya haɗe leɓensa gam, yana duban fuskata yana jira in ce ya ci.